Taken Sarkin Fawa

Babana makaɗin mahauta ne a Abattoir, mayankar Jos. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da in ya ji ya san da shi ake. Tun ina yaro na ɗauka kalangun amshi, wanda ke biye wa na Baba, nawa ne, ai jini ne.

Sai ga ɗan wani Ibo maƙwabcinmu mai shagon kayan keke, ya ce yana son koyo. A Jos aka haife shi, sa'ana ne, shekara sha bakwai. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Baba ya ce mu fara faɗin take da baki kafin mu taɓa kalangu. Ni ban ga amfanin wannan ba. Nakan rataya kalangu in zuba kiɗa da gudu daga farko har ƙarshe, 'yan unguwa suna tafi, inda na yi tuntuɓe in wuce abina. Shi kuwa kullum da safe, cikin sanyin nan na Jos, sai ya gasa fatar kalangu a gefen murhu, ya ɗauki gaɓa ɗaya tak ta taken Sarkin Fawa, yana faɗi yana bugawa a hankali. In ya kuskure, ya koma baya. Wata uku ina jin wannan ta katanga, kamar ɗigon famfo. Da ya fara daɗi sai na tsane shi, har na daina amsa gaisuwarsa.

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah, Baba ya kai mu bayan rumfunan nama, ya ce kowa ya kira Sarkin Fawa da kiɗa, wanda ya iya sa shi ya waiwayo shi ne zai yi amshi ranar Sallah. Na fara. Na zuba iya gwanintata, gumi na keto mini, Sarkin Fawa yana ta saran ƙashi abinsa. Da ɗan maƙwabcinmu ya karɓa, bai kai rabi ba wuƙa ta tsaya. Sarkin Fawa ya waiwayo yana neman Baba, ya zaci shi ne.

A hanyar gida na ce, "Baba, ni fa ɗanka ne."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ba ka ka fara."

Ranar Sallah ina cikin 'yan kallo. Ko sau ɗaya ɗan maƙwabcinmu bai kuskure amshin ba, na kuwa kasa kunne sosai.