Wayar Fulogi a Ranar Jarrabawa

Wata Asabar ce a damunar 1978, ranar da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare. An kwana ana ruwa a unguwarmu ta Laranto, sanyi har cikin ƙashi, amma tun asuba na ɗebo ruwa, na share tsakar gida, na sa yunifom ɗin da Inna ta goge mini da dutsen guga na gawayi. Baba ya yi alkawarin kai ni a tsohuwar a-kori-kurar da yake jigilar dankali da ita zuwa kasuwa. Mota kuwa ta ce ba ta san zancen ba.

Baba yana da wata dabarar gwada wuta da ta ishe mu. Sai ya zare wayar fulogi, ya danƙa wa duk yaron da ke kusa, ya shiga ya murɗa makulli. In ka yi tsalle, to akwai wuta. "Ɗan cizo ne kawai, kamar na cinnaka," in ji shi. Yayyena maza na jin ƙarar buɗe bonet suka sulale, sai ni da ke tsaye ina jira ya danƙa wa wayar. Abin da Baba ya manta, a makon nan bakanike ya cire masa tsohon kontak mai ba fulogi wuta ya sa sabon akwatin lantarki, mai wutar da ta fi ta da nesa ba kusa ba. Ga ƙafata cikin taɓo, ga hannuna a jiƙe.

Ban san lokacin da na faɗa kwata ba. Hannuna na dama ya mutu har kafaɗa. Baba ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, wuta kam akwai." Ashe mai ne ya ƙare.

A ƙafa na tafi, yunifom duk laka, na tarar an fara. Biro ya yi ta suɓucewa daga yatsuna, ko rabin tambayoyin ban amsa ba. Na faɗi, na maimaita aji, ƙawayena suka tafi makarantar kwana suka bar ni.

Baba bai taɓa ba ni haƙuri ba. Filaya mai hannun roba dai ya sayo, yakan kwantar da fulogi a jikin inji, ɗaya daga cikin yayyena ya murɗa makulli, shi ya duba tartsatsin da idonsa.

Yau bakanike na'ura yake jonawa ya karanta, ba ɗan da ke shan wuta. Ni kuwa har yanzu ina jin haushin shekarar da na rasa. Sai dai wanda zan yi wa mitar ya riga mu gidan gaskiya.