Fitilar Gidan Wendell

A layin su Wendell Pruitt, a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo, babu yaron da bai san ƙa'idar bikin Halowin ba, daren da yara ke yin shigar ban mamaki suna bin gida-gida neman alawa: gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana da alawa, wanda ya kashe kuma a wuce shi. Wendell ya yi shekara ashirin da shida yana kashe tasa.

Bakanike ne, motocin ɗaukar 'yan makaranta yake gyarawa har ya yi ritaya. Mutum ne mai kirki ga injin, amma ga yara sai a hankali. Tun shekarar da wasu ja'irai suka yi wa sabuwar motarsa ruwan ɗanyen ƙwai ya rantse ya bar harkar. Duk ƙarshen Oktoba, da an fara jera kabewa a ƙofofi, sai ya ja labule, ya shige ɗakin ƙasa da rediyonsa. A cewarsa, bara ce kawai aka sa mata kaya masu kyau.

Sai ga auren 'yarsa Marlene ya mutu, ta dawo gida da ɗiyarta Junie, 'yar shekara huɗu. Ranar bikin Marlene tana da aikin yamma a asibiti. Ta shirya yarinyar cikin shigar ƙudan zuma, baƙi da rawaya, da fukafukan waya, ta miƙa wa mahaifinta bokitin roba.

"Baba, layi ɗaya ne kawai. Ba yanka ka za su yi ba."

"Ke dai ba ki san mutanen nan ba," in ji shi.

Gaskiya tsoro yake ji, kuma ba don kansa ba. Yarinyar ba ta da ƙawa ko ɗaya a garin. Idan aka rama a kanta fa?

Ƙofar farko ta Denise ce, wadda ya taɓa kora da tsintsiya tana 'yar shekara tara. Ta buɗe da hular mayu a kanta, ta yi turus.

"Kai! Yau ga shigar da ta fi ta kowa. Baba Wendell ya yi shigar mutumin kirki!"

Junie ta manta kalmomin roƙon alawa da aka koya mata, sai kawai ta ɗaga bokiti. Denise ta zuba mata cike da hannu biyu. Haka aka yi ta yi har ƙarshen layi: a tsokani tsoho, a cika wa jika. Wani ma ya kira matarsa ta zo da sauri ta ga abin mamaki. Da zaginsa suka yi, da ya san yadda zai yi da su. Wannan alherin ne ya hana shi ɗaga kai.

A hanyar dawowa Junie ta tsaya, ta nuna wani gida da ya yi duhu a tsakiyar masu haske.

"Kaka, wancan na mugaye ne. Denise ta ce a wuce irinsu."

"Namu ne, sarkin surutu."

Ta dube shi, ta dubi gidan. Nan take ya saka ta a mota, suka nufi kanti, ya kwaso alawa mafi tsada, manya-manya, irin wadda yara ke ba da labarinta shekara guda. Da suka dawo ya danna makunnin fitilar ƙofa, shiru. Ƙwan ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya lura. Ya hau kujera ya sauya shi, ya juye alawa a babban kwano, ya zauna bayan ƙofa yana gyara wuyan riga.

Yara na wucewa garke-garke, cikin shigar fatalwowi da 'yan sama jannati. Ko kallon gidan ba su yi. Iyayen da ke riƙe da hannunsu su ne yaran da ya horar, kuma sun iya karatun da kyau: suna zuwa daidai shingensa sai ƙafarsu ta tsallaka titi da kanta. Wendell ya buɗe labule. Ya ƙara buɗe ƙofa kaɗan. Ya yi tari. Har aka fara kashe fitilun maƙwabta, kwanon na nan yadda ya cika shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, shi da ya yi shekara ashirin da shida yana neman a bar shi ya huta.

Yana shirin tashi sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Ya yi wuf ya buɗe. Ƙudan zuma ce tsaye, fiffike ɗaya a karye, takalmanta duk laka. Ta ƙofar baya ta fita, ta zagayo ta cikin lambu.

"A ba mu alawa ko mu yi ɓarna!" Wannan karon ta tuna.

Wendell ya gyara murya.

"Ke kuma 'yar gidan wa ce?"

"Gidan nan," in ji ta. "Mai fitila."