Lemar Kwaɗi a Gindin Mangwaron Baba

Shekarar da hatsi bai yi ba a Gidan Sori, idonmu duka ya koma kan lambun mangwaron Baba da ke fadama. Da kuɗin 'ya'yansa muke sa ran samun gero. Sai itatuwan suka fara bushewa daga sama, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fara mutuwa Baba ya sare shi, ya bar kututturen. A nan lemar kwaɗi ta fito cunkus, launinta kamar zuma. Na ɗauki hotonta na aika wa wani malamin daji. Ya ce hoto bai isa ba. Akwai mai cin mataccen itace kawai, akwai kuma mai bin saiwa ta kashe mai rai, a ido kuwa kusan ɗaya suke. Ya ce a ɓare ɓawon gindin itace. In an ga fari shimfiɗe a ƙarƙashi, mai kisan ce, sai a tone kututturen duka a ƙone.

Nan ne wahalar, don Baba ba ya tumɓuke kututture. Barin kututture ya toho shi ya mayar wa gonakinmu da itatuwa, ya kuwa riƙe abin kamar farilla.

"Mai cin matacce ce," in ji Baba. "Ba ka ga ya fara toho ba?"

"Baba, ku bari mu duba sauran."

Inna, mahaifiyata, tana tsaye da ƙwarya a ka. "Malam, in rumbu ya ƙare, tohon za mu tuƙa?"

Baba ya juya. Ya zaro wuƙa ya nufi babban mangwaron, wanda ganyensa ke kore shar, don ya kunyata mu. Ya ɓanɓare ɓawon gindin. Fari ne shimfiɗe kamar yanar nono, yana warin danshi. Ya matsa ga na gaba, haka nan. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa, na ɗauka na ci gaba. Sai can bakin rijiya muka sami 'yan kaɗan masu tsabta.

Baba ya daɗe yana kallon tohon nan.

"Ɗauko diga," ya ce. "A yi rami tsakani, kada ta kai ga na bakin rijiya."

Na ɗauko. Ya karɓe daga hannuna, ya fara da kututturen.