Abin da Na So a Rubuta a Katin Ƙanena

Tun a cikin adaidaita, muna hanyar asibiti, na shirya ƙaryar da zan yi. Ƙanena ya sha abin da bai kamata ba, da hantsi, matarsa tana gidan suna. Na san da gangan ya yi. Amma na yanke cewa kuskure za a rubuta a katinsa, domin 'ya'yansa mata uku ne, kuma a unguwarmu Yakasai ba a manta irin wannan magana. Na kuma taɓa jin har 'yan sanda ake kira.

Nas biyu muka tarar a sashen gaggawa. Ta farkon ta dube shi ta ja tsaki. "Ga masu son ransu can kwance a ƙasa, babu gado, sai a ba wanda ya gaji da nasa." Ta yi aikinta da sauri, ba zan musa wannan ba, amma ba ta ƙara kallon fuskarsa ba. Ita ba ta tsorata ni ba. Na daɗe ina dillancin fata a kasuwar Kurmi, na san mai kushe kaya a fili ba ya ɓoye komai.

Ta biyun, wata dattijuwa, ita ce ta tsaya mini a rai. Bayan ya farfaɗo ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, tana kiransa Malam. Duk tambayar da ta yi masa, ni nake amsawa.

"Kuskure ne, Sista. Ya ɗauka maganin tari ne."

"Alhaji, shi ba shi da baki ne? Ɗan ba mu wuri."

Na tsaya a baranda ina leƙe ta taga. Yana magana, tana rubutu, ni kuwa ina tunanin hannun wa takardar nan za ta faɗa. A kasuwa, mai tausasa murya haka akwai abin da yake nema.

Da ta fito na tare ta. Na ce a sallame shi yau, ma ƙarasa jinya a gida.

"Sa hannu kawai za ka yi, ba mai hana ka," in ji ta. "A gidan me za ka ce musu?"

"Kuskure."

"To wa zai zauna yana gadin wanda ya yi kuskure? Matarsa za ta tafi unguwa, kai ka tafi kasuwa. Ya gaya mini wannan ne karo na biyu. Ka sani?"

Ban sani ba.

"Wa zai ga takardar?" na tambaye ta.

"Likitan da zai duba shi gobe. Ba zan iya yi maka rantsuwa a kan bakin kowa a nan ba."

Ban gama yarda da ita ba. Amma ban sa hannun ba. Na kira matarsa, na ce ta zo ita kaɗai, akwai abin da zan gaya mata.