Rijiyar Haladu da Famfon Sama'ilu

Shekarar da aka samu mulkin kai, babu komai a bayan dutsen nan na gefen Kazaure sai gonakin gero da burtali. Nan Haladu ya kafa bukka, mutumin wajen Gwiwa da annoba ta cinye wa shanu. Ya haƙa rijiya da hannunsa, ya taki sa'a ruwan ya zo da daɗi, ko da rani ba ya ƙafewa. Masu zuwa ɗiba suka fara tambayar fili. Kafin a ankara gidaje sun haɗe, an gina masallaci, mai shayi ya kafa tebur, wurin kuma ba shi da wani suna sai Rijiyar Haladu. Bai samu haihuwa ba, saboda haka sunan nan shi ne abin da yake ganin zai bari a duniya.

Cikin waɗanda ya yanka wa fili har da Sama'ilu, wani tela daga Roni da ya iso da keken ɗinki a kan jaki.

Da arzikin mai ya shigo, aka shimfiɗa kwalta, aka jawo bututun ruwa. Ma'aikatan ruwan, baƙi ne daga nesa, suka yi sallama da Haladu a matsayinsa na babba, suka ce a ƙofar gidansa za su kafa famfon unguwa. Ransa ya yi fari. Amma a tarbiyyar gidansu mutum ba ya cafke alheri tun tayin farko, sai ya noƙe, a sake, a matsa masa, sannan ya karɓa.

"Haba, ni wa?" in ji shi. "Ai akwai mutane, ku duba wani wurin."

Ya gyara zama yana jira su matsa masa. Suka yi godiya suka wuce gida na gaba, gidan Sama'ilu. Sama'ilu ko keke bai tsayar ba ya ce bismilla.

Layin bokitai ya koma can, mai ƙosai ta bi su, mai shayi ma ya ɗauke teburinsa. Haladu na zaune a zaure yana kallo, abin na cinsa.

"Yaya Haladu, in aiko maka ka ɗanɗana?" Sama'ilu yakan ɗaga murya. "Babu jan guga, murɗawa kawai!"

"Ruwa mai warin ƙarfe? Sha abinka. Ranar da ya ɗauke ai ka san hanya."

Yakan ɗauke kuwa. Ran nan sai ka ga Haladu yana miƙa wa jama'a guga, baki har kunne kamar ango. Sai dai ko a bakin rijiyar tasa, ji yake suna cewa "mu 'yan Famfon Sama'ilu".

Wata rana ya dawo daga gaisuwar mutuwa a Kano cikin bas. Da aka doshi gari direba ya waiwayo.

"Baba, ina za ka sauka?"

"Rijiyar Haladu."

"Ina ne kuma nan?"

"Famfon Sama'ilu yake nufi," in ji wata mata a baya.

Direba ya taka birki daidai layin bokitai. "Nan ne, Baba?"

Haladu ya leƙa ta taga, ga zaurensa nan yana kallo.

"A'a, ba nan ba ne. Wuce."

Aka kai shi har tashar cikin gari, ya ɗora jakarsa a ka, ya tako da ƙafa cikin rana. Daga ranar har tsufa ya hana shi tafiye-tafiye, a tasha yake sauka.