Baba Mai Ƙanƙara da Firjin Lungu

Kafin unguwarmu ta gama wanke ido, Baba Mai Ƙanƙara ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Ba kifi yake fara dubawa ba, ba kuma ƙanƙara ba. Akwai wani ƙaramin firji a lungu, wanda sai an tokare murfinsa da gwiwa yake rufuwa. Shi yake fara buɗewa, ya sa bayan hannu ya ji sanyinsa, sannan ya amsa gaisuwar mutane. In ka gaishe shi kafin nan, bango ka gaisar.

Babu abin sayarwa a firjin nan. Allurar masu ciwon suga ce ta unguwa a ciki, irin wadda zafi ke lalatawa. Wutar lantarki kuwa a wajenmu sai dai ta leƙo ta koma. Shi kaɗai ke da janareta mai jure aiki, don haka kowane gida yake ɗaure kwalbarsa da tsumma mai launi daban, ya kawo masa ajiya. Ta mahaifiyata, Inna, shuɗin tsumma gare ta. Shekara da shekaru ke nan, bai taɓa karɓar ladan ajiya ba, bai kuma taɓa miƙa wa wani ta wani ba.

Kada fa ku ɗauka mai fara'a ne. Faɗa gare shi kamar me. Ka tsaya surutu firji na buɗe, sai ka ji, "Rufe mini, ba taga ba ce." Amma ranar da Inna ba ta aiko a karɓar mata allurarta ba, shi da kansa ya ɗingiso har ƙofar gida yana cewa, "Ke 'yar nan, lafiya tsohuwa ba ta aiko ba?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bara ya faru, lokacin tsananin zafi. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, babban janaretan ya buga, makanike ya ce sai an nemo kayan gyara daga nesa. Ɗan ƙaramin da aka aro ba zai ja firji biyu ba. Ga babban firji maƙare da kifi, jarinsa ke nan kaf, ga kuma na lungu. Telan da ke jikin shagon ya shaida mini cewa matar Baba ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, kifin nan fa shi ne cinmu."

"Na sani."

"To?"

"Kifi ana sake sarowa. Mutanen nan in suka tafi, a wace kasuwa zan saro su?"

Ya jona na lungu. Abin da ya samu rabarwa na kifin ya rabar wa maƙwabta, sauran ya yi wari aka kwashe a baro. Shagon bai sake komawa yadda yake ba, kuma wallahi har yau abin yana sosa mini rai.

Yanzu gwiwa ta hana shi tsayuwa, ya sa shagon a kasuwa. Masu saye sun yi ta zuwa suna komawa, don sharaɗinsa ɗaya ne: firjin lungu ba ya motsi. Bai miƙa mabuɗi ba sai da ya samu wanda ya yarda.

Baba, kai ne gatan marasa wuta. Kai ne ka ɗauki maƙwabta a matsayin mutane, ba masu ciniki kawai ba. Ba ka kafa allon talla ba, ba ka kira mai hoto ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu shaguna da kamfanoni, ba a ce ku gina asibiti ba. Kowa ya waiwaya cikin shagonsa, ba zai rasa lungun da unguwa ke buƙata ba.

Na karanta wa Inna wannan rubutu tana jijjiga jaririyata a cinya. Da na gama, ta dubi yarinyar.

"Ki ƙara masa da cewa ba don ya zubar da kifinsa ba, da ban ga wannan ba."