Tabarma a Gindin Bedi

Na yi shekaru ina ɗaukar hoto a shagon kawuna a Konni ban ɗauki ko ɗaya da zan ce nawa ne ba. Da na bar lakwal, wato makaranta, ya miƙa mini kyamara, ya koya mini abin da shi ma aka koya masa: a tsayar da mutum gaban labulen da aka zana wa teku da gidan bene, a ce ya ɗaga haɓa, kada ya ƙifta. Rabin aikinmu hoton katin ɗan ƙasa ne, saura na biki da suna. Da yake ni mace ce, ni ake turawa cikin gidaje. Ina duba hotunan 'yan Sakkwato a salula ina kwaikwayo. In aka baza nawa da na kawu a kan tebur, ni kaina ba na iya rarrabewa.

Wata bazara aka kira ni biki a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Illela. Na gama da amarya da ƙawayenta, ina haɗa kayana, sai wata tsohuwa ta kama mini hannu.

"Ɗiyata, in kin ƙare, taho ki ɗaukam mini ɗana."

Na bi ta. Gidanta can bakin gari yake, kuma yawancin gidajen da muka wuce a rufe suke, mazan sun tafi biɗa, wato ci-rani. Rana ta take, ko kiɗan bikin ba a ji daga can. Muka shiga tsakar gida. Ga itacen bedi, wanda wasu ke kira dogon-yaro, ga tabarma a shimfiɗe a gindinsa, da buta, da takalmi ƙafa biyu an jera su. Ba kowa.

"Ina yake, Inna?"

"Shina Aljeriya. Tun shina kira har ya bari. Nan shika zama. Ɗauki."

Na ce ko ita za ta zauna a kan tabarmar, ta girgiza kai. Na sunkuya zan gyara butar don ta fi kyau a hoto, ta ce, "Kak ki taɓa komi." Sai na ja da baya na sa ido a kyamara. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Wanda ya saba ɗaukar mutane ya san yadda ake ji in mutum ya natsu yana jiran a danna. To haka na ji. Har na buɗe baki zan ce kada ya motsa.

A Konni na wanke hoton. Tsakiyar tabarmar ta ɗan loɓa. Kaji suna kiwo kewaye da ita, ba wadda ta taka ta. Wata akuya da ke ɗaure a turke ta ɗaga kai tana kallon saman tabarmar, daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune. Ban lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lokacin da nake ɗauka.

Kawu ya karɓa ya daɗe yana dubawa.

"Wa ke zaune nan?"

"Ba kowa, Kawu."

"Na ga ba kowa. Shi ya sa nake tambaya."

Ya ce kada in rataya shi a shago. Ni kuwa na gaya wa kaina tsohuwar ce kullum take korar kajin har suka saba, akuya kuma ƙila ganye ta hango. Wataƙila hakan ne. Amma duk sanda na ciro hoton ba na gajiya da kallonsa. Shi ne na farko da na san ba wanda na kwaikwaya.

Da na kai wa tsohuwar hoton, ta goge hannu a zane, ta kai shi kusa da ido. Can ta ce, "Ya rame."

Daga nan mata suka fara aiko mini in je in ɗauki hoton kayan mutanensu da ba su nan. Wata gadon mijinta, wata keken ƙanenta da ke jingine a zaure tayoyin sun sace. Ni ma idona ya canza. A Malbaza na ɗauki bencin mai shayi bayan direbobin motocin siminti sun tashi, kofuna na nan yadda suka bar su. Mutane suka sa mini suna mai hoton waɗanda ba su nan. Wasu suka daina barina in shiga gidajensu. Wata uwar amarya ta ce wa kawu ya turo wani, ba ta son idona a ɗakin 'yarta.

Bayan wani lokaci tsohuwar ta aiko: ɗanta ya dawo. Na hau kabu-kabu na tafi. Na same shi tsaye a jikin katanga, dogo, siriri, ba ya son magana. Tabarmar tana nan a shimfiɗe. Na ce ya zauna a kai in ɗauke shi.

"A'a, nan ma ya yi."

Uwar ta ce tun da ya zo bai zauna a wurin ba, kuma ya sa ta kife hoton a ƙarƙashin kwano. Na ɗauke shi a tsaye. Hoton ya fito lafiya, irin wanda kowa zai iya ɗauka.

Da zan tafi ya raka ni bakin hanya. Muka tsaya muna jiran abin hawa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, wancan hoton, wace rana kika ɗauke shi?"

Na ce ba zan iya tunawa ba, amma da bazara ne, da rana tsaka, kuma kamar ranar kasuwar Illela ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya tuna halin da yake ciki a wannan ranar. Ban tambaye shi dalili ba. Mai babur ya tsaya, na hau.